A AUNA WAƘA DA MUDU ƊAYA

Gardama ta ƙi ƙarewa a Sakkwato a kan mata mawaƙa. Ana yinta a majalisu, ana yinta a rumfunan Tsohuwar Kasuwa da Kara. Waɗansu sun ce duk macen da aka ji muryarta a rediyo ko a waya ta zubar da mutuncinta. Waɗansu kuwa sun ce ai 'yancin mata ke nan, suna kafa hujja da Amurka, inda mawaƙiya Beyoncé ta tsaya gaban ƙaton allo mai kirarin 'yancin mata a 2014. Mu namu ra'ayin shi ne a auna kowace waƙa da abin da ta faɗa, kuma mudun da aka auna wa mace shi za a auna wa namiji.

Wanda ya ce baƙon abu ne mace ta gyara jama'a da waƙa, to, bai san garin da ya ke zaune ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ga kabarinta nan a Hubbare, da waƙa ta karantar da mata, cikin Larabci da Fillanci da Hausa. Ta naɗa jajoji, ta ba su malfa, suka riƙa kai karatunta ƙauyuka wurin 'Yan Taru. Shehu Usmanu da kansa ya yi wa malamai faɗa saboda barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci.

Za a ce wannan wa'azi ne, ba kiɗa ba. Mun yarda. To, a dubi Hajiya Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013. Da ƙwarya ta yi amada, kuma babban kiranta ga mata shi ne su kama sana'a, kada su zauna jiran hannun miji. Mai ƙosai da mai fura da mai ƙuli-ƙuli sun san abin da ta ke nufi, don da ribarsu ake rufa asirin gidaje da yawa.

Ga inda zaluncin ya ke. Narambaɗa da Jankiɗi da Ɗanƙwairo sun yi wa sarakuna waƙa, an ba su dawaki da riguna, kuma ba mu musun gwanintarsu. Yau mawaƙin siyasa sai ya wasa wanda ya cinye kuɗin asibiti, ya zagi abokin hamayya har iyaye, a ba shi mota. Ba mai cewa ya ɓata tarbiyya. Amma a 2016, da Rahama Sadau ta fito cikin bidiyon wata waƙa, ƙungiyar masu shirya fim ta MOPPAN korarta ta yi, namijin da suka fito tare kuwa ya ci gaba da sana'arsa. In laifi ne, ai su biyu suka yi. Ɗan kasuwan da ke da mudu biyu, kowa ya san sunansa.

Wannan magana ta mutunci ba yau muka fara jinta ba. Da ita aka hana matan Arewa ƙuri'a a zaɓen 1959, sai 1976 suka samu. Da ita aka yi ta ɗaure Hajiya Gambo Sawaba ta NEPU. Kullum masu mulki suka rasa amsar da za su ba talaka, sai su nuna masa mace su ce ga ɓarna.

Mawaƙa mata, ku ma ga taku. Batsa da tsiraici ba su 'yantar da kowa. Wadda ta yi su don a saye, mai situdiyo ne zai ƙirga kuɗi, ita a bar ta da zagi. Ku yi wa yarinyar da aka cire daga makaranta waƙa, da matar da aka danne wa gado, da wadda aka saka aka kora da goyo ba abin ciyarwa.

Muna kira ga mahukunta: in za a hana batsa, a hana kowa, mace da namiji, har mawaƙin gwamna. Sa'an nan a gyara makarantun 'yan mata, a ba mata masu sana'a jari. 'Yan uwa talakawa, kada a ruɗe ku da hayaniya. Allah ya ba mai gaskiya sa'a, amin.