Kansila a Auyo: tsakanin ragon suna da jingar kogi

Daga watan Agusta zuwa Satumba, duk mai gona a ƙaramar hukumar Auyo ta Jigawa idonsa na kan Kogin Haɗeja. Ruwan da ke shayar da shinkafa da alkama da rani shi ne ke tumbatsa da damina ya cinye gonaki da gidaje, kamar yadda aka gani a 2018 da 2020 da 2022. A irin wannan lokaci, zaɓaɓɓen da jama'a ke fara buga wa ƙofa shi ne kansila, domin cikinsu yake kwana, wataƙila ma gonarsa na cikin waɗanda ruwa ya ci. Amma a duk masu riƙe da kujerar siyasa a ƙasar nan babu wanda aka rena kamarsa. Ra'ayina shi ne, 'yancin ƙananan hukumomi da ake ta magana a kai ba zai tsinana wa manomin mazaɓar Gamsarka ko Gatafa komai ba, sai ranar da kansila ya koma aikinsa na asali, wato wakilci da bin diddigin dukiyar jama'a.

A yau da me ake auna kansila? Da yawan ɗaurin auren da ya halarta, da ragon sunan da ya saya, da kuɗin maganin da ya biya, da belin da ya karɓo a ofishin 'yan sanda. Duk wannan alheri ne, kuma mai yin sa ya cancanci godiya, sai dai kowane mai hali zai iya yin sa ba tare da an zaɓe shi ba. Abin da kansila kaɗai ke da hurumin yi daban ne. Sashe na 7 na tsarin mulkin 1999 ya tabbatar da zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi, jadawali na huɗu kuma ya ɗora musu kasuwanni da tashoshin mota da hanyoyi da magudanan ruwa, tare da sa hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya da bunƙasa noma. Kansilolin mazaɓu goma na Auyo su ne majalisar da ya kamata ta tantance kasafin kuɗi, ta yi dokokin cikin gida, ta tambayi ciyaman inda kuɗi suka shiga. Duk ranar da suka bar wannan, babu wani da zai yi shi a madadinsu.

Za a ce ambaliyar Auyo ta fi ƙarfin kansila, kuma akwai gaskiya a ciki. Tushen matsalar yana can sama. Madatsar Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa a 1992 sun sauya ɗabi'ar kogin: maimakon ya cika da damina ya janye da rani, sai ruwa ya riƙa gudana duk shekara. Hakan ya yi wa ciyawar kachala daɗi, ta toshe hanyoyin ruwa, ƙasa ta taru, kogi ya rasa inda zai bi sai gonakin mutane, ga tsuntsayen jan-baki sun sami maɓoya. Madatsun na hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda ta tarayya ce, kuma yashe kogi aiki ne na manyan injuna da manyan kuɗi. To amma tsakanin madatsa da gonar talaka akwai ayyuka da yawa da ba sa jiran Abuja. Wace jinga ce ta zaizaye bara? Wane kwalbati ne ya toshe? A ina za a ajiye buhunan da za a cika da ƙasa tun kafin ruwa ya iso? Wace makaranta ce ke kan tudu da za ta iya karɓar waɗanda suka rasa matsuguni? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mutanen yankin sun daɗe suna fita aikin gayya su tare kogi su yanke kachala. Abin da ke ƙaranci shi ne wanda zai shigar da wannan ƙoƙari cikin kasafi tun watan Maris, a sayi kayan aiki kafin a fara kuka a Satumba.

Za a kuma ce kansila ba shi da kuɗi. Shekaru da dama wannan hujja ce mai ƙarfi, domin rabon ƙananan hukumomi na bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, a jihohi da yawa kuma gwamnoni na naɗa kantomomi yadda suka ga dama. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, ta kuma haramta mulkin kantomomi. Aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa, amma a ce ma an aiwatar da shi ɗari bisa ɗari: idan kuɗi suka bar hannun gwamna suka faɗa hannun ciyaman da babu mai tambayarsa, sauyin suna kawai aka yi. Gwargwadon yadda kuɗi ke ƙaruwa, gwargwadon haka ake buƙatar majalisar da za ta ce a kawo takarda a gani. Karanta kasafi da yin tambaya a kansa ba sa cin ko kwabo.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta siyasa: yaya wanda jam'iyya ta tsayar, hukumar zaɓen jiha ta bayyana, zai ɗaga wa ciyaman yatsa? A zaɓen Oktoba 2024 jam'iyyar APC ce ta lashe kujerun ciyaman 27 na Jigawa gaba ɗaya, kuma haka jam'iyyun gwamnati suka yi a kusan kowace jiha, kowace ce jam'iyyar. Wannan cuta ce ta ƙasa baki ɗaya, maganinta gyaran tsarin zaɓe ne. Amma tambaya ba gaba ba ce. Kansilan da ya nemi a liƙa kasafin shekara a sakatariya, a karanta wa dagatai da masu unguwanni da limamai abin da aka ware wa kowace mazaɓa, jam'iyyarsa yake yi wa gata, don talakan da ruwa ya ci gonarsa ba ya mantawa ranar zaɓe.

Akwai ma abin koyi a gida. Shirin noman rani na Kwarin Haɗeja, wanda aka gyara ƙarƙashin shirin TRIMING na Bankin Duniya kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a Auyo a farkon 2023, an ɗora shi ne a kan ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwa, su tara kuɗi, su kula da hanyoyin ruwansu, su raba shi bisa tsari. Idan ana sa ran manomi ya riƙe lissafin ruwa, babu dalilin da za a yafe wa wakilinsa riƙe lissafin kuɗi. Haka batun burtali da mashaya: rikicin manoma da makiyaya da masunta a fadama ya fi sauƙin kashewa a zaman da kansila zai haɗa da hakimi da arɗo kafin kaka, da a bari sai an zubar da jini.

Nauyin bai tsaya kan kansila kaɗai ba. Muddin masu zaɓe na tare shi da buƙatun aljihu, to da aljihu zai riƙa amsawa, kuma wanda ya fi shi kuɗi zai kayar da shi gobe. Ƙungiyoyin matasa da na manoma da na mata a Auyo su riƙa gayyatar kansilansu sau biyu a shekara, kafin damina da bayan kaka, su tambaye shi abu uku: nawa ya shigo, me aka ware wa mazaɓarmu, me aka yi da shi. Wanda ya amsa a sake zaɓensa, wanda ya kasa a nemi wani.