Ina Labarin 'Yan Ajinmu?

Duk wanda ya bi hanyar Sagnarigu da hantsi, ya hau tudun nan da ake kira Education Ridge, zai ga yara birjik cikin kayan makaranta, kowa na sauri kada ƙararrawa ta riga shi. Mu da furfura ta cimma, in mun zo wucewa ƙafa kan rage sauri da kanta. A nan Tamasco take, sakandaren Tamale da aka buɗe a 1951, maƙwabciyar kwalejin horon malamai ta Bagabaga wadda ta girme ta da shekara bakwai. Kafin Tamasco babu sakandare ko ɗaya a duk faɗin arewacin Gana, alhali an kafa Mfantsipim ta Cape Coast tun 1876. Shekara 75 ke nan tsakani. Shi ya sa yaron da ya samu gurbi a zamaninmu ba na gidansu kaɗai ba ne, na garinsu ne baki ɗaya.

Abin da ya tayar mini da wannan tsohon zance shi ne wani suna da na je kwanan baya a Choggu. Ana cikin rabon goro sai na ji an kira ni da wani laƙabi da ko iyalina ba su san shi ba. Na waiga, ga wani dattijo da sanda da tabarau mai kauri yana dariya. Muryar na fara ganewa kafin fuskar. Ɗan ajinmu ne, gadonsa na kusa da nawa, kuma mun fi shekara arba'in ba mu sa juna a ido ba.

Muka koma gindin dalbejiya, na ce, "Malam, ina labari?" Ya ce sai alheri, sannan ya shiga kwance mini jakar rayuwarsa a hankali. Koyarwa ya yi har ya cika shekara 60 ya yi ritaya, kusan duka a ƙauyukan da mota ba ta shiga da damina. Uwargidansa ta rasu, Allah ya jiƙanta. An cire masa yana a ido ɗaya, ɗayan yana jiran lokaci. Yana noman masara da waken suya daidai ƙarfinsa, yana kiwon zabbi, kuma kuɗin fansho kan ƙare kafin wata ya raba. Da ya zo kan jikoki sai fuskarsa ta washe. Ya laluba aljihu ya fito da hoton wata yarinya da ke karatun aikin jinya, gefen hoton duk ya lanƙwashe saboda yawan nunawa. Ya ce, "Alhaji, wannan ita ce digirina."

Daga nan muka hau ƙirga. Wane fa? Yana Kumasi wajen ɗansa, ƙafa ta hana shi fita. Wane kuma? Ya sauke farali bara. Shi mai gudun nan da ba a taɓa wuce shi a fili ba? Sai ya yi shiru ya girgiza kai, na gane. Cikin waɗanda muka lissafa, da yawa ba wanda ya san inda suke a tsakaninmu, kuma wannan ya fi labarin mutuwar ci mini rai.

Ku tuna yadda muka zo makarantar nan. Akwatin ƙarfe a kai, ƙullin garin rogo da ɗan sukari, wani daga Wa, wani daga Bawku, wani daga Yendi ko Salaga ko Navrongo, a bayan babbar mota cikin jar ƙura. Badagwambe da Bagwanje da Bafarafare da ɗan zango, Musulmi da Kirista, kwano ɗaya. Wanka da ruwan sanyi da asubahin hunturu, leɓe a tsattsage, ana karkarwa ana dariya. Wasu iyayenmu ba su sake mu ba sai da zuciya biyu, don boko a lokacin abin tsoro ne. Wanda kuka sha wannan tare, ai ko uwa ba ɗaya ba, ɗan'uwa ne.

Makarantar ta yi manyan 'ya'ya, kuma muna alfahari da su. Marigayi Alhaji Aliu Mahama, wanda ya yi mataimakin shugaban ƙasa daga 2001 zuwa 2009, nan ya yi karatu, yau babban filin wasan Tamale sunansa yake ɗauke da shi. Dakta Mohamed Ibn Chambas da ya jagoranci ECOWAS, da Alban Bagbin da ya zama kakakin majalisa a 2021, da Dakta Mahamudu Bawumia da ya hau kujerar mataimakin shugaban ƙasa a 2017, duk sun taka wannan tudu. Labarinsu ba ya ɓata, rediyo da jarida na riƙe da shi. Amma a bayan kowane ɗayansu akwai ɗaruruwa irin abokina: malamin gona da ya koya wa ƙauye sa taki, ungozomar da ta karɓi haihuwa da fitilar ƙwai, akawun da ya yi shekara talatin bai taɓa sisin gwamnati ba. Su ne suka ɗauki arewa a ka, kuma su ne ba a tambaya.

A da, in kana neman labarin ɗan ajinku, wasiƙa za ka rubuta, ko ka ba direba saƙo a tashar Aboabo, ka yi wata kana jiran amsa. In ta zo kuwa, shafi biyu ce cur, har da labarin damina da farashin doya. Yanzu ga waya a aljihun kowa, ga zaurukan WhatsApp na tsofaffin ɗalibai, amma sau da yawa ba a ambaton dattijo sai ranar da aka sa hotonsa da salati a ƙasa. A nan ne za ka ji yabon da bai taɓa ji da kunnensa ba. Iyayenmu sun ce zumunta a ƙafa take, kuma ba su ce sai ranar jana'iza ba.

Da muka tashi, abokina ya riƙe hannuna ya ce akwai wani ɗan ajinmu a Kumbungu da idonsa ya tafi gaba ɗaya, amma har yau in an zauna da shi yakan jero sunayen ajinmu ɗaya bayan ɗaya, yadda ake kiransu da safe. Mun sa rana, Juma'a mai zuwa bayan an sauko daga masallaci. Ni zan kawo goro da mota, shi zai kawo ƙwan zabbi.