Sharhi: Farfaɗo da Tsofaffin Sunayen Motoci da Babura, da Darasin da Ke Ciki ga Jihohinmu

A shekarar kuɗi ta 2024 zuwa 2025, kamfanin babura na Royal Enfield da ke ƙasar Indiya ya sayar da babura fiye da miliyan 1, karo na farko a tarihinsa. Abin lura a nan shi ne asalin wannan suna na Ingila ne, inda aka ƙera babur ɗin farko mai ɗauke da shi a 1901, kuma kamfanin da ya haifi sunan ya daina aiki tun farkon shekarun 1970. Wannan misali ɗaya ne daga cikin da dama. A cikin shekaru 40 da suka wuce, 'yan kasuwa daga Jamus da Indiya da Sin sun yi ta sayen sunayen tsofaffin kamfanonin motoci da babura da suka durƙushe ko suke tangal-tangal, suna yi musu sabon tambari, suna mayar da su kasuwa. Ganin cewa jihohin Arewa na fafutukar farfaɗo da masana'antunsu, ya dace a duba yadda wannan ciniki ke gudana da kuma wanda ke cin gajiyarsa.

Masu iya magana na cewa da tsohuwar zuma ake magani. Sabon kamfani yakan shafe shekaru masu yawa da dukiya mai ɗimbin yawa kafin jama'a su amince da kayansa, alhali wanda ya sayi tsohon suna ya sayi amincin da aka riga aka gina. Abin da ya faru a 1998 ya nuna darajar suna ƙarara. A wannan shekara kamfanin Volkswagen ya biya fam miliyan 430 ya sayi kamfanin da ke ƙera motocin Rolls-Royce da Bentley tare da masana'antarsa ta garin Crewe. Sai dai ikon amfani da sunan Rolls-Royce yana hannun wani kamfani daban mai ƙera injinan jiragen sama, shi kuwa ya ba kamfanin BMW wannan izini a kan fam miliyan 40. Daga 2003 BMW ya fara ƙera Rolls-Royce a sabuwar masana'anta da ya gina a Goodwood, Volkswagen kuma ya tsira da Bentley. Ke nan suna da masana'anta kadarori ne guda biyu, kowannensu na iya tafiya inda kuɗi ya kai shi.

Ma'aikatan kamfanin MG Rover na birnin Birmingham sun ga haka da idanunsu. Lokacin da kamfanin ya karye a watan Afrilun 2005, kimanin ma'aikata 6,000 ne suka rasa aikinsu a masana'antar Longbridge. Kamfanin Nanjing na ƙasar Sin ya sayi kadarorin a kan fam miliyan 53, ya kwashe injinan ƙira masu yawa zuwa gida, daga baya a 2007 ya narke cikin kamfanin SAIC. An ci gaba da ɗan haɗa motoci a Longbridge har zuwa 2016, sannan aka daina. Tun daga lokacin sunan MG ya ƙara bunƙasa a kasuwannin Turai da Asiya, musamman da motoci masu amfani da lantarki, amma albashin ƙera su ba a Birmingham ake biyan sa ba. Ita ma Tarayyar Turai ba ta duba tambarin ba sa'ad da ta ƙara wa motocin lantarki na SAIC kuɗin fito a 2024. Ƙasar da aka ƙera su ta duba.

Labarin Royal Enfield kuwa ya sha bamban, kuma a nan ne babban darasin yake. A 1955 aka kafa kamfanin Enfield India a birnin Madras, wanda yanzu ake kira Chennai, domin haɗa babur samfurin Bullet da sojojin Indiya ke buƙata. Da farko daga Ingila ake kawo sassan, amma zuwa 1962 Indiyawa sun koyi ƙera kusan kowane sashe da kansu. Saboda haka da uwar kamfanin ta mutu a Ingila, reshen bai bi ta ba. Rukunin kamfanonin Eicher ya karɓe shi a 1994, ya gyara injin, ya fito da samfurin Classic a 2009, kasuwa ta buɗe. A 2017 ma kamfanin ya koma Ingila ya buɗe cibiyar zane da gwaji, wato yanzu Indiyawa ne ke ɗaukar injiniyoyin Ingila aiki.

Bugu da ƙari, kamfanonin da baburansu suka cika titunanmu suna cikin wannan ciniki. Kamfanin TVS, wanda 'yan acaɓa da masu adaidaita sahu suka san kayansa, shi ne ya sayi tsohon kamfanin Norton na Ingila a 2020 a kan fam miliyan 16. Kamfanin Bajaj kuma tun 2023 yake ƙera ƙananan baburan Triumph a Indiya bisa yarjejeniya da masu sunan. Ita kanta Triumph ta karye a 1983, wani mai sana'ar gina gidaje, John Bloor, ya sayi sunan, ya shafe shekaru yana shiri kafin ya fito da sababbin babura a 1990. Waɗannan kamfanoni na Indiya sun fara da ƙera babur mai araha na talaka, sai da suka ƙware suka tara jari sannan suka nemi manyan sunaye.

Ba kullum ake dacewa ba. Kamfanin Saab na ƙasar Suwidin ya samu sabon mai shi a 2010, amma kafin ƙarshen 2011 ya karye saboda ƙarancin jari. An farfaɗo da sunan Borgward na Jamus a 2015 da kuɗin wani kamfanin Sin, bayan fiye da shekaru 50 da mutuwarsa, amma masu saye ba su ga abin da ya bambanta motar da sauran ba, aka rufe shi a 2022. Ba girin-girin ba, ta yi mai, in ji Bahaushe.

Idan muka dawo gida, babu sunan mota da ya shiga zukatan mutanen Arewa kamar Peugeot, wadda aka fi sani da Fijo. Masana'antar Kaduna ta fara aiki a 1975, a cikin jerin masana'antun haɗa motoci da Gwamnatin Tarayya ta kafa da haɗin gwiwar Turawa, irin su Volkswagen a Legas, Steyr a Bauchi, da ta manyan motoci a Kano. Fijo 504 ta zama motar hukuma, ta zama motar haya, babu garin da ba a samun bakanikenta. Sai dai yawancin muhimman sassanta daga Faransa ake kawo su, har ma a shekarun farko da jirgin sama ake jigilar su zuwa Kano kafin a wuce da su Kaduna. Da darajar Naira ta faɗi bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986, farashin sassan ya tashi, jama'a suka koma sayen motocin gwanjo, aiki ya ja baya.

Tun daga nan masana'antar ta yi ta sauya hannu. An sayar da mafi yawan hannun jarinta ga 'yan kasuwa a 2006, hukumar karɓo basussuka ta AMCON ta karɓe ta a 2012, aka sake sayar da ita a 2020. A ɗaya gefen kuma, a 2022 kamfanin Dangote Peugeot ya fara haɗa motocin Fijo a wata sabuwar masana'anta a kan hanyar Kaduna zuwa Abuja, da haɗin gwiwar kamfanin Stellantis mai mallakar sunan, kuma Gwamnatin Jihar Kaduna na cikin masu hannun jari. Wannan abin maraba ne. Amma ya kamata a tuna cewa sunan aro ne, kuma ranar da mai shi ya ga riba a wani wuri, yana iya ɗauke kayansa. Abin da ba zai iya ɗaukewa ba shi ne ƙwarewar da ta zauna a hannun 'ya'yanmu, kamar yadda ta zauna a Madras.

Don haka duk gwamnatin jihar da za ta sa dukiyar jama'a a irin wannan harka, ko ta ba da fili ko sassaucin haraji, ya wajaba ta tsaya a kan wasu sharuɗɗa. Na farko, a rubuta cikin yarjejeniya sassan da za a riƙa ƙerawa a gida da shekarar da za a fara kowanne, a soma da masu sauƙi kamar kujeru, batir, gilashi, wayoyin lantarki da kayan roba. Na biyu, a haɗa masana'antar da kwalejojin kimiyya da fasaha da makarantun koyon sana'a, domin ɗalibai su yi horo a bakin injin. Na uku, gwamnati ta riƙa sayen motocin da aka haɗa a gida kuma ta biya a kan kari, tunda babu mai kafa masana'antar sassa sai ya ga kasuwa tabbatacciya. Na huɗu, a samar da wutar lantarki tsayayya a yankunan masana'antu. Haka kuma bai kamata a manta da ƙananan maƙera da kanikawa na Panteka a Kaduna da takwarorinsu na sauran garuruwa ba, domin da horo da rance wasunsu za su iya ƙera sassan da suka cika ƙa'ida.

Su ma jama'a suna da haƙƙin tambaya. A duk lokacin da aka yi bikin dawo da wani tsohon suna, a nemi sanin mutum nawa aka ɗauka aiki, da kuma kashi nawa na motar aka ƙera a cikin ƙasa. Allah Ya ba shugabanninmu hangen nesa, Ya kuma sa albarka a cikin masana'antunmu.