Sha'anin Mota: Ɗan Makunnin Da Ke Jikin Akwatin Giya

A makon nan za mu duba wani ɗan abu wanda girmansa bai cika tafin hannu ba, amma yakan sa mai mota ya sayi sabon batir ko sitata alhali kuwa nasa lafiyarsu lau. Abin nan shi ne makunnin lantarki da ke jikin akwatin giya.

Mu fara da mota mai kuloci. A irinta, aikin makunnin shi ne kunna fitilun ribas. Ana ɗaura shi ne kamar noti a jikin akwatin, da wayoyi biyu a kansa, da ɗan harshe daga ciki wanda ƙarfen giya ke dannawa in direba ya sa ribas. A motocin da ke tafiya da ƙafafun baya, irin su Hilux da Peugeot 504, wadda masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975 ta daɗe tana haɗawa, akwatin yana bayan inji, sai an leƙa ta ƙasa. A masu ja da ƙafafun gaba kuwa, kamar Golf, yana gefen inji, galibi ana hango makunnin ta sama. Kada dai kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

To, in fitilun ribas sun ɗauke, kada a yi garaje. Idan ɗaya tana kamawa, makunni ba shi da laifi, ƙwan ɗayar ne ya ƙone, kuma yawanci mai wat 21 ne ko 16. In duka biyun ne, a fara duba fiyus. In yana da kyau, sai a ja birkin hannu, a tokare ƙafafu da dutse, a murɗa mabuɗi har fitilun gaban direba su kama, ba tare da an ta da inji ba. Sa'an nan a zare soket daga kan makunnin, a haɗa bakunansa biyu da guntuwar waya. Idan fitilu suka kama, makunnin ne ya mutu. In ba su kama ba, sai a bi waya a nemi inda ta tsinke ko ta yi tsatsa. Wajen ɗaura sabo a yi a hankali, domin jikin akwatin galibi alminiyon ne, ƙarfi kaɗan ke cinye zarensa.

Ita kuwa mota mai giyar otomatik, makunninta ya fi girma, wayoyinsa sun fi yawa, kuma a yawancinsu yana zaune ne daidai inda kebul ɗin sandar giya ya kama jikin akwatin. Babban aikinsa shi ne hana sitata juyawa sai giya tana kan P ko N. Alamar ciwonsa ita ce, a murɗa mabuɗi, fitilu su kama tar, amma sitata ya yi tsit. A nan sai direba ya taka birki, ya mai da giya kan N, ya sake gwadawa. In ta tashi, batir da sitata sun kuɓuta daga zargi. Sau da yawa ma makunnin bai mutu ba, gocewa ya yi, ko kebul ya saki, gyaransa bai wuce a sassauta notocinsa a daidaita shi da alamar N ba. Amma fa wannan soket ba a yi masa gwajin guntuwar waya, domin a motocin zamani wasu wayoyinsa na kwamfutar mota ne. Aikin mita ne a hannun ƙwararren mai rewaya.

Saura gargaɗi guda, wanda shi ne mafi muhimmanci. Akwai masu gyaran da in makunnin ya gagare su, sai su haɗe wayoyin sitata kai tsaye, su ce an gama. Lalle mota za ta tashi, amma daga ranar za ta tashi ko da giya tana kan D ko R, ta zabura kan yaro ko mai tallan da ke kusa da ita. Saboda haka kafin ka biya kuɗin gyara, taka birki sosai, ka sa giya a D, ka murɗa mabuɗi. In inji ya tashi, aiki bai ƙare ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Sai mako mai zuwa.