An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin matasanmu masu rubuta manhaja, daga Maraɗi har Kumasi: wai SQLite kayan wasan yara ne, in aiki ya girma sai a yar da shi a koma MySQL ko PostgreSQL a kan sabar haya. Da zarar manhajar shago ko ta ɗakin shan magani ta fara jan ƙafa, kafin a duba komai an riga an yanke hukunci. Ni kam ban yarda da wannan hukunci ba, domin mai shagon da bai san hawa ba bai san sauka ba shi ne zai biya kuɗinsa.

Bari mu san wanda ake tuhuma. D. Richard Hipp, wani Ba'amurke, shi ya fitar da SQLite a 2000, ya kuma bar shi kyauta ga kowa. Rumbun bayanai ne da ke zaune a cikin manhajar kanta, ba ya bukatar sabar, kuma duk abin da aka ajiye yana cikin fayil guda. Yana cikin kowace wayar Android da iPhone, yana cikin Firefox da Chrome, a cikinsa WhatsApp ke ajiye saƙonninka. Abin da ke ɗauke da wannan kaya shi ne zai kasa riƙe lissafin buhunan shinkafar shagon Alhaji?

Laifi na farko da nake yawan gani shi ne zuba bayanai ɗaya bayan ɗaya. Duk layin da ka tura shi kaɗai, SQLite ba zai ce an gama ba sai ya tabbatar ya zauna daram a kan faifai, don kada ɗaukewar wuta ta cinye shi. Masu SQLite da kansu sun bayyana cewa a kwamfuta ta talaka yana iya shigar da layi 50,000 ko fiye a daƙiƙa guda, amma wannan tabbatarwar, a tsohon faifai mai juyawa, ba ta wuce kamar sau 60 a daƙiƙa. Ka lissafa: layi 10,000 zai ci kusan minti uku in an tura su ɗai-ɗai. Ka sa BEGIN a farko, COMMIT a ƙarshe, aikin ya ƙare kafin ka ajiye kofin shayi. Wane manomi ne ke kai gero rumbu zangarniya ɗaya-ɗaya? Dami ake ɗaurewa. In ka ƙi ɗaure dami, kada ka zagi rumbu.

Na biyu, rashin fihirisa. Ka ce a nemo maka bashin wane, amma ba ka tsara sunayen ba, dole a karanta littafin daga bango zuwa bango. Lokacin da layi ɗari ne babu wanda ya lura. Da suka kai dubu ɗari biyar sai aka fara kuka. Alhali tambaya ɗaya ta isa. Ka rubuta EXPLAIN QUERY PLAN a gaban umarninka. In ka ga SCAN, to duk teburin ake bi. In ka ga SEARCH, fihirisa na aiki. Kuma kada a ce tunda magani ne a sha kwalba guda, don kowace fihirisa da ka ƙara tana ƙara wa rubutu nauyi.

Na uku shi ne saƙon nan mai tayar da hankali, "database is locked". SQLite marubuci ɗaya yake bari a lokaci guda, haka aka gina shi, ba a ɓoye ba. Yawanci wani sashe na manhajar ne ya buɗe ƙofa ya tafi jiran intanet bai rufe ba. Ka gajarta zaman rubutu, ka sa busy_timeout don mai zuwa ya ɗan jira, ka kunna tsarin WAL, wanda ya zo tun 2010 a sigar 3.7.0, don masu karatu su daina tare mai rubutu.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne maganin da wasu ke rabawa da gadara: a kashe synchronous, manhaja ta yi gudu. Tabbas za ta yi gudu, tunda ka ce wa SQLite ya daina tabbatar da ajiya. Amma a garuruwanmu da ake ɗauke wuta ba sallama, ranar da ta ɗauke a tsakiyar rubutu fayil ɗin na iya lalacewa. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Haka masu kwafe fayil ɗin manhaja na buɗe, su bar ɗan rakiyarsa na WAL a baya, su ce sun yi ajiyar ko-ta-kwana. Cinikin ƙarshe na iya kasancewa a can aka baro shi.

Za a ce da ni, ai akwai inda SQLite ba ya kaiwa. Gaskiya ne. In rassa goma ne ke rubutu a rumbu ɗaya lokaci guda daga kwamfutoci daban-daban, PostgreSQL ne gwanin wurin, kuma ɗora fayil ɗin SQLite a kan jakar da kwamfutoci ke rabawa ta waya neman fitina ne. Sai dai shago nawa ne a cikin namu ke da wannan matsala? Mafi yawa kwamfuta ɗaya ce ko waya ɗaya a kan kanta. Ka mayar da irin wannan kan sabar da ke Turai, ka ɗora wa mai shi haya ta wata-wata da kuɗin waje, sannan ranar da intanet ta yanke ba zai iya sayar da ko ashana ba. Ga kuma abin dariya: umarnin da ba shi da fihirisa a nan, can ma haka zai je yana jan ƙafa.

Saboda haka kafin ka ce a yi ƙaura, ka auna. Ka nuna mini umarnin da ke jinkiri, da daƙiƙa nawa yake ci, da abin da EXPLAIN QUERY PLAN ya ce a kansa. In ba ka da waɗannan ukun, ba ka da hujjar taɓa aljihun mai shago.