Injin Sassaƙa Alminiyam: Kafin Ikilisiya Ta Zuba Kuɗinta

A watan jiya, wurin zaman kwamitin tallafi na wata ikilisiya a nan Kano, wani saurayi da ya gama karatun injiniya shekara uku ke nan bai sami aiki ba ya miƙe da takarda a hannunsa. Roƙonsa shi ne a ba shi rance daga asusun matasa domin ya sayo wani ƙaramin inji mai suna CNC, wanda kwamfuta ke sarrafawa, ya riƙa sassaƙa kayan gyara na alminiyam. Har shago ya riga ya gani a kusa da Ƙofar Na'isa, bakin titin da ya nufi tsohuwar harabar Jami'ar Bayero. Wani dattijo ya tambaye shi, "Ɗana, wa zai sayi abin da za ka ƙera?" Ya ce, "Baba, idan injin ya iso masu saye za su zo." Daga nan zauren ya rabu biyu.

Na ga ya kamata mu duba wannan magana a natse, gama irin wannan roƙo zai ƙara zuwa gaban dattawanmu. An daɗe ana raba keken ɗinki da injin markaɗe, har wata unguwar ta cika da teloli ba masu kawo ɗinki. Matasanmu da suka yi karatu suna neman abin da ya wuce haka, kuma suna da gaskiya.

Ga waɗanda ba su taɓa ganin injin ba, ga yadda yake. Mutum zai zana siffar abin da yake so a kwamfuta, da tsawonsa da faɗinsa da zurfin kowane rami. Kwamfuta sai ta mai da zanen ya zama umarni. A ɗaure guntun ƙarfe a kan teburin injin, wani ɗan haƙori mai kaifi yana juyawa da gudu, yana bin umarnin yana feƙe ƙarfen kaɗan kaɗan har siffar ta fito. In an so guda ɗari, za su fito iri ɗaya, bambancinsu bai kai kaurin gashin kai ba idan injin na kirki ne. A Amurka aka fara nuna irin wannan inji a shekarar 1952, a jami'ar MIT, kuma a lokacin sai manyan masana'antun jiragen sama ke iya mallakarsa. Yau akwai wanda za a ɗora a kan tebur. Mafi araha daga ƙasar Sin bai wuce dala 200 zuwa 300 ba, amma wannan na katako ne da roba. In aka matsa masa da alminiyam sai ya yi ta rawa yana karya haƙori. Wanda zai iya aikin kasuwa kullum, kuɗinsa dubban daloli ne.

To, a nan lissafi ya fara tsami. A watan Mayu na 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Bayan an saki naira a watan Yuni na wannan shekara, a watan Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Wannan sauyi takobi ne mai kaifi biyu ga saurayinmu. Ya sa injin da haƙoransa, waɗanda duk daga waje ake kawo su, sun ninka kuɗi har sau uku. Amma kuma shi ne ya sa kayan gyara na waje suka fi ƙarfin masu injin ban ruwa na Kura da Kadawa, da masu a-daidaita-sahu, da ƙananan masana'antun roba na Sharaɗa da Challawa. Mai masana'antar da injinsa ya tsaya saboda ɗan ƙarfe guda, wanda sai ya jira makonni kafin a kawo daga Indiya ko Sin, zai biya da murna in akwai mai yi masa shi cikin kwana biyu. Saboda haka kasuwa tana nan, ba mafarki ba ce. Sai dai ba ta zuwa da ƙafarta ta ƙwanƙwasa ƙofar shago.

Abu na biyu shi ne wuta. Tela in an ɗauke wuta zai koma taka keke da ƙafa. Wannan inji kuwa in wuta ta ɗauke yana tsakiyar aiki, sau da yawa ya manta inda yake, ƙarfen ya lalace, wani lokaci haƙorin ma ya karye. A watan Afrilu na 2024 aka ɗaga kuɗin wuta na masu rukunin A zuwa naira 225 kowane ma'auni daga wajen naira 68, ko da yake an ɗan rage daga baya. Man janareta kuwa kowa ya san inda ya kai tun da aka janye tallafi ran 29 ga Mayu, 2023. Wanda zai yi wannan sana'a dole ya sa kuɗin batura da faifan hasken rana cikin jarinsa tun ranar farko. A takardar saurayin nan ban ga wannan layi ba. Ban ga kuma maganar ƙurar hunturu ba, wadda in ta shiga sandunan da injin ke gudu a kansu za ta cinye su kamar yashi a cikin niƙa.

Amma babbar matsalar, wadda ba a cika lura da ita ba, ita ce ƙarfen kansa. Nijeriya ta gina masana'antar narka alminiyam ta ALSCON a Ikot Abasi ta Jihar Akwa Ibom, wadda aka tsara za ta fitar da tan 193,000 a shekara. Ta fara aiki a 1997, ta tsaya a 1999. Aka sayar wa kamfanin Rusal na Rasha a 2007, shari'a ta biyo baya har Kotun Ƙoli, aikin ya sake tsayawa. Don haka alminiyam mai tsabta wanda wannan inji ya fi so, irin wanda ake kira 6061, daga waje yake zuwa, kuma da dala ake sayensa.

Abin da muke da shi a yalwace shi ne tsohon ƙarfe: gwangwanayen lemo, tsofaffin tukwane, fistin na mota, yankakken firam na taga, duk abin da 'yan gwangwan ke tarawa. Masu sanin wannan ƙarfe kuwa su ne maƙeran tukwane na cikin birni da kewaye, waɗanda ke narka shi da gawayi su zuba a cikin ƙasa mai danshi. Alminiyam yana narkewa a zafi maki 660, abin da makera ta gargajiya ke kaiwa ba wahala. Sai dai ƙarfen da aka zuba haka yakan fito da ƙananan ramuka na iska a cikinsa, wani gefe taushi wani gefe tauri. In ya cika taushi sai ya manne wa haƙori kamar ƙaro; in fistin ya yi yawa a haɗin sai ya dakushe shi da wuri. Gogaggen maƙeri yakan ɗauki guntu ya duba karayarsa, ya buga ya saurari ƙararsa, ya faɗa maka ko na tukunya ne ko na kayan inji. Wannan ilimi ba a koyar da shi a aji.

Bari in ɗan ratse, domin iyayenmu na zumuntar mata. A bakin jama'a tukunyar dalma ake cewa, alhali alminiyam daban, dalma daban, kuma dalma guba ce. Ita ce ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010. Wani bincike da aka buga a 2014 a kan tukwanen da ake zubawa da tsohon ƙarfe a Kamaru ya nuna cewa dalmar gaske takan shiga haɗin, ta kuma fita cikin abinci. Ba cewa nake a watsar da manyan tukwanen da muke dafa abincin taro da su ba. Amma ya dace mai saye ta tambayi maƙeri da wane irin ƙarfe ya zuba, ta guji barin miya mai tsami ta kwana a ciki.

Mu koma kan saurayinmu. Ra'ayina shi ne wannan inji ba zai ci da mai shi ba in ya zauna shi kaɗai a shago. Zai yi riba ne in ya shiga cikin jerin masu sana'ar da suke nan tun kafin a haife shi. Maƙeri ya zuba siffar da ɗan kauri, mai injin ya gyara fuskarta ya huda ramukanta daidai. Mai injin ya sassaƙa wa maƙeri samfurin da zai riƙa dannawa a ƙasa, wanda ya fi na hannu kyau da daidaito. Ɓarɓashin da ya zuba a koma da shi makera. 'Yan kasuwar Ƙofar Ruwa, waɗanda suka san wane kayan gyara ne ya yi wuya a wannan wata, su kawo oda. Masu haɗa wutar hasken rana suna bukatar maɗaurai na alminiyam da yawa, ga kuma ɗalibai da malaman jami'a masu neman a ƙera musu ƙananan abubuwa na gwaji. A wannan fuska zaɓen Ƙofar Na'isa ba wauta ba ne: birni yana bayansa, jami'a tana gabansa.

Wasu dattawa sun nuna tsoro, kuma ba zan raina tsoronsu ba. Waɗanda suka ga Oktoban 1991 da Mayun 2004 a Kano sun san abin da ake nufi da shago ya ƙone cikin yini ɗaya, sun fi so jarin ikilisiya ya zauna a Sabon Gari kusa da ido. Amma kusan dukan maƙeran nan Musulmi ne, kuma ba za su ɗauko ƙarfensu su biyo mu ba. Mu da muka tashi da Hausa a bakinmu, waɗansunmu ma kakanninmu ɗaya da su, mun fi kowa sauƙin zama a gindin makera mu gaisa mu yi ciniki. Maƙwabcin da abincinsa ya haɗu da naka yakan tsare maka ƙofa ranar da gari ya rikice. Ba tabbas ba ne, amma an sha ganin haka. Manzo Bulus ma a Koranti wurin masu sana'arsa ta ɗinkin tanti ya sauka, kamar yadda Ayyukan Manzanni sura 18 ta nuna.

Gwamnati tana da nata wuraren, irin su hukumar NASENI da aka kafa a 1992, wadda ke da cibiya a Kumbotso, kuma ba laifi saurayi ya je ya ga manyan injuna ya yi tambaya. Sai dai kada kwamiti ya jingina lissafinsa da alkawarin wani ofis.

Abin da kwamitin ya yanke a ƙarshe ya yi mini daidai. Ba su hana ba, ba su kuma ba da kuɗin ba. Sun ce ya yi wata shida yana zuwa wurin wani maƙeri da wani mai injin feƙe ƙarfe, ikilisiya za ta biya masa kuɗin mota. Ya kawo kayan gyara guda goma da ya auna da hannunsa, kowanne da sunan wanda ya ce zai saya da farashin da ya yarda. Ya sake lissafin da kuɗin batura da na haƙora na shekara guda. In an ba da kuɗin, rance ne mai wa'adi a rubuce, kuma zai koya wa yara biyu, ɗaya daga ikilisiya, ɗaya daga unguwar da shagon yake. Saurayin bai ji daɗi ba a ranar. Amma an ce mini ya riga ya sayi ma'aunin kauri, kuma ranar Litinin da ta wuce an gan shi a Ƙofar Ruwa yana auna murfin wani injin ban ruwa da ya tsage.