Mu Ma Muna da Rabo a Gidajen Gwamnatin Ikko



Duk lokacin da aka tayar da zancen gidajen da gwamnatin Jihar Legas ke sayarwa da rahusa, amsar da muke ji a bakin jama'armu guda ce: "Ai wannan na 'yan ƙasa ne, mu baƙi ne." Mai faɗin haka kuwa wataƙila a Agege aka yanke masa cibiya, a nan ya yi aure, a nan ya aurar. A ganinmu wannan magana ta fi kowace doka cutar da mu, domin ita ce take hana mu ko da zuwa karɓar fom.

Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 bai kira mu baƙi ba. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan ƙasa damar zama a duk inda ya ga dama. Sashe na 42 ya hana nuna wa mutum bambanci saboda ƙabilarsa ko addininsa ko wurin da ya fito. Sashe na 43 kuma ya ba shi ikon mallakar fili ko gida a ko'ina cikin Nijeriya.

A shekarar 2016 gwamnatin Akinwunmi Ambode ta ƙaddamar da shirin da suke kira Rent-to-Own, wato mutum ya riƙa biya wata-wata kamar ɗan haya har gidan ya zama nasa. Sharuɗɗan da aka gindaya a lokacin su ne: mutum ya kasance mazaunin Legas mai katin hukumar rajistar mazauna jiha, wato LASRRA, ya kai shekara 21, ya zamana bai taɓa mallakar gida ba, ya nuna shaidar biyan haraji, ya fara ajiye kashi 5 cikin 100 na kuɗin gidan, sauran kuma ya biya cikin shekara 10. Ana kuma duba samunsa, don kada abin da zai riƙa biya ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da yake samu a wata. Zama aka tambaya, ba a tambayi asali ba.

To, a ina muke faɗuwa? A wajen takardu. Mai sayar da tumatir a Mile 12 yana juya dubban ɗaruruwa, amma kuɗin daga aljihu sai adashe, ba su taɓa bi ta banki ba, saboda haka ba shi da abin da zai nuna cewa yana da samu. Yana biyan tikiti iri-iri a kasuwa kullum, amma ba shi da rasit na harajin jiha ko guda. A katin zaɓe sunansa Mamman, a lambar NIN Muhammadu, a banki kuma Mohammed. Ma'aikacin da ya ture irin wannan fom ba ya bukatar ƙabilanci kafin ya ture shi.

Haka abin yake a Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, wanda bankin lamunin gidaje na tarayya ke kula da shi. Ana zuba kashi biyu da rabi cikin 100 na samun wata, kuma mai sana'ar kansa ma yana iya shiga. Sai an yi aƙalla wata 6 ana zubi kafin a nemi rance. Mu nawa ne muka taɓa tambaya?

Ba muna cewa babu wariya ba ne. Mun san masu gidajen da ke rufe ƙofa da zarar sun ga hula da jamfa. Mun kuma san gidajen gwamnati ba su kai yawan masu nema ba, kuɗinsu ma ya fi ƙarfin mai gadi da ɗan dako. Amma wanda ya cika sharaɗi aka hana shi yana da bakin kai ƙara, mu ma muna da hujjar tsaya masa. Wanda bai nema ba, me za mu ce an hana shi?

Saboda haka muna kira ga kowane magidanci ya yi rajistar LASRRA shi da iyalinsa, ya daidaita sunansa a dukkan takardu, ya riƙa zuba cinikinsa a banki, ya biya haraji ya adana rasit. Mai haya ya nemi rasit duk lokacin da ya biya, domin dokar haya ta 2011 ta ɗora wa mai gida ba da shi. Kada kowa ya dangwala hannu a yarjejeniyar da ba a karanta masa ba, ya kawo ta ofishin ƙungiya tukuna. Kada kuma a ba ɗan kamasho ko kwabo da sunan zai samo gida ta bayan fage.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah Ya rufa mana asiri, Ya ba mu muhalli na kanmu, amin.

Sakataren Ƙungiya